Neman shawara: an binne gawar kafin la'asar, ta ina 'yar jaridar za ta fara?

Mai Alƙalami ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Na kawo kukana ne game da wani littafi da na fara rubutawa tun ƙarshen damina, wanda yanzu ya cije mini a babi na bakwai, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Labarin kisan kai ne da neman wanda ya aikata shi, kuma na gina shi a wani ƙaramin gari da na ƙirƙiro, irin garuruwan nan masu sakatariyar ƙaramar hukuma, da caji ofis guda, da asibiti mai likita ɗaya, da kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako. Washegarin ranar kasuwa da sassafe aka tsinci gawar ma'ajin ƙungiyar dillalan hatsi a cikin siton ƙungiyar, tsakanin buhunan wake da ake shirin lodawa zuwa Dawanau. Kafin rana ta take 'yan banga sun cafke wani matashi ɗan dako da aka ga ya kwana a bakin siton, kafin la'asar kuma an yi wa mamacin sutura an kai shi makwancinsa.

Jarumar labarin 'yar jarida ce, tana aiki da wani gidan rediyo mai zaman kansa a babban birnin jihar, amma haifaffiyar garin ce, kuma ta zo gida ne bikin suna lamarin ya rutsa da ita. Zuciyarta ba ta kwanta da cewa ɗan dakon ne ya yi kisan ba, don haka ta ƙudurce sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, littattafan irin wannan da na karanta na ƙasashen Turai duk a kan gawa suke tafiya: ana ajiye ta a ɗakin sanyi, likita ya duba ya faɗi lokacin mutuwa, a ɗauki zanen yatsa, a auna jini. Ni kuwa gawata tana ƙarƙashin ƙasa tun a babi na biyu, siton kuma rabin garin sun shiga sun tattake shi suna salati kafin ɗan sanda ya iso. Idan na kwaikwayi waccan hanya mai karatu zai yi mini dariya, domin ya san ba haka garinsu yake ba. To daga ina hujja za ta fito? Iyakar ina ɗan jarida yake iya kutsawa ba tare da ya zama ɗan sanda ba? Kuma wace kotu ce za ta saurari shari'ar yaron? Ina roƙon waɗanda suka san aikin jarida da na shari'a su haska mini fitila.

Tsohon Wakili ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Na yi shekaru ina aiko da rahoto daga ƙananan hukumomi kafin in ajiye aiki, don haka zan faɗi abin da idona ya gani, lauyoyi su cike sauran.

Abin da kike ɗauka nakasu ne a labarinki, ni a wajena shi ne ƙarfinsa. A babban birni wahalar bincike ita ce babu wanda ya sani, amma a ƙaramin gari mutum goma sun san abin da ya faru kafin a ɗauki makara, sai dai babu mai buɗe baki, domin wanda ake zargi surukin wani ne, ko ubangidan wani, ko shi ya biya wa wani kuɗin asibiti bara. Aikin jarumarki shi ne ta gano waɗanda suka sani, da abin da ya ɗaure wa kowannensu harshe.

Bari in ba ki wani abu da ya same ni ina sabon shiga. An tura ni wani gari da aka yi kisa, na sauka a tasha na zarce gidan mamacin, na tarar da maza cike da tabarmi a ƙofar gida ana zaman makoki. Na yi sallama, na zauna, na zaro rikoda daga jaka na ajiye a kan tabarma. Nan take wurin ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa, har mai raba goro ya tsaya da faranti a hannu. Wani dattijo ya dube ni ya ce, yaro ka yi wa mamacin addu'a tukuna. Na yi addu'a, na mayar da rikodata, kuma ranar ban samu kalma ɗaya ba. Sai da magariba, ina shan shayi a bakin tasha, mai shayin ya tambaye ni ko ni ne baƙon da ya je da akwatin magana, sannan ya fara ba ni labari yana kaɗa madara, idonsa a kan kofi, bai dube ni ko sau ɗaya ba.

Saboda haka ki lissafa mutanen da aikinsu ke sa su ga abu ba tare da kowa ya lura da su ba. Wanda ya yi wa mamacin wanka ya ga jikinsa gaba da baya, ya san ko raunin a ƙeya yake ko a goshi, ya san ko akwai shatin igiya a wuya, kuma irin waɗannan dattawa suna ɗaukar abin da suka gani a matsayin amana, ba su faɗa da sauƙi. Samun maganarsa kaɗai ya isa ya ci miki babi biyu. Mai gadin kasuwa ya san wace mota ta kwana. Ɗan kamasho a tasha ya san wanda ya bar gari da asuba. Ladanin masallacin kasuwa ya san wanda bai zo sallar asuba ba alhali bai saba fashi ba. Tunda kuma mamacin ma'aji ne, akwai littafin da yake rubuta la'ada da bashi, kuma takarda ba ta jin kunyar kowa.

Game da 'yan sanda, kada ki sa baturen 'yan sandan garin ya zauna yana zayyana mata bayani a gaban makirufo. A ƙa'ida zai ce ta tuntuɓi kakakin rundunar a hedikwatar jiha, kakakin kuma zai ce an kama mutum ɗaya, bincike na ci gaba. Abin da za ta samu na gaske daga ƙaramin ma'aikaci zai fito, a bayan kanta, da sharaɗin kada a ambaci sunansa.

Kada kuma ki manta da abokan gabanta na cikin gida, wato editan da zai ce labarin ya tsufa ta dawo ofis, da mai tallan da zai kira shugaban tashar, da ambulan ɗin da za a miƙo mata da sunan kuɗin mota. Haɗarin aikin kuwa ba ƙirƙira ba ne a ƙasar nan. An ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor a 1984 ƙarƙashin dokar mulkin soja ta 4, an kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin saƙo a gidansa da ke Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986 kuma har yau ba a hukunta kowa ba, sannan a zamanin nan an sha tsare 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Sai dai a ƙaramin gari barazanar ba ta cika zuwa da bindiga ba. Kawunta ne zai aiko a kira ta.

Shawarata ɗaya da za ki iya ƙi ita ce ki mayar da jarumar namiji, kuma baƙo a garin, domin ban ga yadda mace 'yar gari za ta zauna teburin mai shayi da dare ba tare da maganar ta riga ta isa gida ba.

Lauyan Zaure ya rubuta:

Malama, Allah ya ƙara basira. Baba Tsohon Wakili ya gama da ɓangaren titi, ni zan ɗauki na kotu, domin a nan ne littattafanmu suka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa za ka karanta an kama mutum ranar Litinin, an yanke masa hukuncin kisa ranar Alhamis a kotun da ba ta ma da hurumin sauraron shari'ar.

Caji ofis na ƙaramar hukuma ba ya riƙe shari'ar kisa har ƙarshe. Bayan bayanan farko, ana mayar da wanda ake zargi da fayil ɗinsa sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar jiha. Daga nan a kan kai shi gaban majistare da rahoton farko na 'yan sanda, amma majistare ba ya da hurumin yin shari'ar kisan kai, iyakarsa ya ba da umarnin tsarewa a gidan gyaran hali, a aika fayil ma'aikatar shari'a domin daraktan gabatar da ƙararraki ya ba da shawara ko akwai tuhumar da za a amsa. Idan akwai, sai a shigar da ƙara a babbar kotun jiha. Wannan jiran shawara shi ne ramin da talakawa ke faɗawa, wata da watanni, wani lokaci shekaru, kuma sharaɗin tsarin mulkin 1999 na kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ke sashe na 35, an keɓe laifukan da hukuncinsu kisa ne daga cikinsa. Kin ga ke nan ɗan dakonki zai bar garin tun a makon farko, kuma ganinsa zai zama tafiya da neman izini, abin da zai ba labarin nauyi.

Dokar da za a tuhume shi da ita a yawancin jihohin Arewa ita ce kundin Penal Code da ke aiki tun 1960, inda sashe na 221 ya yi magana a kan kisan da hukuncinsa kisa ne. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake tsara nasu kundin, lambobin sassa sun canza, don haka tunda garinki ƙirƙirarre ne gara ki guji ambaton lamba.

Akwai hanya ta biyu da na fi son ki duba. Tun daga shekarar 2000, da Zamfara ta fara, jihohi goma sha biyu suka ɗauki dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, kuma a can magadan mamaci suna da ta cewa: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Ki duba irin wasan da wannan zai buɗe miki. Idan mai hannu a kisan yana cikin masu matsa wa iyali lamba su yafe a rufe maganar, to afuwar da kowa ke yabawa ita ce labulen da yake ɓuya a bayansa. Amma a mazhabar Malikiyya kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi a ɓoye musamman don dukiyarsa, ba ya karɓar afuwar magada. Tambayar ko kisan ma'ajin na gilla ne ko na faɗa ne za ta iya zama ƙashin bayan rabin littafin.

Maganar gawa kuwa, ana iya tono ta, amma sai da umarnin hukumar da doka ta ba wannan iko, ba da buƙatar 'yar jarida ba, kuma iyali za su yi tsayin daka su ƙi. Ni da zan ba da shawara, a bar mamaci a kabarinsa, a mayar da hankali kan takardar ikirari. A shari'o'i da dama ita ce kaɗai hujjar masu gabatar da ƙara, an rubuta ta da Turanci, wanda ake zargi ya dangwala yatsa alhali ko Hausar boko ba ya karantawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo ko a gaban lauya, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta tilasta shi, kuma idan lauyan yaron ya ce da duka aka karɓa, kotu kan tsaya ta yi ƙaramar shari'a a kan wannan batu kaɗai. Jarumarki za ta iya gano cewa ikirarin ya ce an buga wa mamacin itace a goshi, mai wanka kuwa ya ga rauni a ƙeya.

Ki kuma ja mata linzami a wuri biyu. Ba za ta kira sunan mutum a rediyo ta ce shi ya yi kisa ba, domin wannan ɓata suna ne, kuma da zarar magana ta shiga kotu, sharhin da zai karkata shari'a na iya zama raina kotu. Abin da ta tono, lauyan yaron za ta kai wa.

Uwar Marayu ta rubuta:

Ina gaida malamai. Na amfana ƙwarai da bayanin Barista, amma da izinin Baba Tsohon Wakili, ban yarda a mayar da jarumar namiji ba, kuma labarin da ya bayar da kansa shi ne hujjata. Shi iyakarsa tabarmar ƙofar gida, inda kowa ke auna maganarsa saboda idon jama'a. Ita kuwa za ta wuce zaure ta shiga cikin gida, ta zauna a ɗakin matar mamacin, kuma matar nan tana takaba wata huɗu da kwana goma ba ta zuwa ko'ina. Wane ɗan sanda ne yake da shaidar da za ta zauna masa wuri ɗaya tsawon wannan lokaci? Mata sun san wanda ya yi sallama da mamacin bayan isha'i, sun san ko ya ci tuwonsa a daren ko an mayar da kwanon a rufe, sun san rigar da aka wanke da tsakar dare a wani gida domin maƙwabciya ta ga shanya da asuba. Yarinyar da ke tallan ƙosai ta shiga gida goma kafin hantsi. Teburin mai shayi kuma ƙaninta zai iya zauna mata.

Kasancewarta 'yar gari shi ne zai sa abin ya yi ciwo. Baƙo idan ya gama ya hau mota ya tafi, ita kuwa mahaifiyarta ce za ta ci gaba da zuwa biki da suna a garin, ita za a daina gaisarwa a bakin rijiya. Ina so in karanta wurin da uwar za ta ce mata, ke kaɗai ce mai gaskiya a garin nan? kuma ina so uwar ta kasance tana da hujja, kada a mayar da ita jahila. Idan naci bai jawo wa jarumar asarar komai ba, mai karatu ba zai ga nacin ba.

A matsayina na mai karatu, kuma mai sauraron littattafan da ake karantawa a rediyo da YouTube, ina da ƙorafi a kan yadda ake warware irin wannan labari. Don Allah, Malama, kada asiri ya tonu ta hanyar mafarki, ko boka, ko mai laifi ya haukace ya fito kasuwa yana tona kansa, ko ya yi hatsarin mota ya yi ikirari a gadon asibiti. Mun gaji da wannan, kuma yana mayar da duk wahalar jarumar aikin banza, tunda ko ta zauna a gida abin zai fito. Ki ba mu duk abin da ta gani a lokacin da ta gan shi, ki ɓoye shi a fili cikin hira da hidimar gida, yadda idan muka kai ƙarshe za mu koma babi na uku mu ce ashe an faɗa mana. Mai laifin ya kasance mun san shi tun farkon littafi, mun ma so shi. Waɗanda ake zargi kada su wuce huɗu ko biyar, kowanne da abin da yake ɓoyewa wanda ba kisan ba ne, wani bashi, wani auren sirri, wani algus a awon hatsi, domin mai sauraro da ke tuƙa tuwo ba zai riƙe sunaye goma sha biyar ba.

Mai Alƙalami ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ka yi haƙuri, jarumar za ta ci gaba da zama mace 'yar gari, amma na ɗauki mai wankan gawa da littafin la'ada, har na riga na ga inda zan sa su. Na koma babi na biyu na ƙara wurin da dattijon ya fito daga wankan ya ƙi karɓar goron da aka miƙa masa, ya wuce gida bai tsaya jana'iza a sahun gaba ba kamar yadda ya saba, kuma ban yi wani sharhi a kai ba. Hajiya, mafarkin da na tanada a babi na goma sha biyu na goge shi jiya da dare, ko da yake na ji zafin rabuwa da shi.

Saura abu ɗaya, Barista. Idan ta sami littafin ma'ajin a hannun matarsa, ta ɗauki hoton shafukan da wayarta, sannan littafin ya ɓace daga ɗakin kafin sadakar arba'in, hoton zai yi wani amfani a kotu?

Lauyan Zaure ya rubuta:

Zai iya yi, Malama, amma ba kai tsaye ba. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da hujjar da ta fito daga na'ura a sashe na 84, da sharaɗin a yi bayanin na'urar da yadda aka samar da hoton, kuma sai an gamsar da kotu cewa ainihin littafin ya ɓata an neme shi ba a samu ba. Ma'anar wannan ita ce jarumarki za ta tashi daga mai ɗauko rahoto ta koma mai ba da shaida, ta shiga akwati ta yi rantsuwa, lauyan ɗaya ɓangaren ya tambaye ta a gaban mutanen garinsu wa ya ba ta littafin. Idan ta faɗa, ta jefa matar da ke takaba cikin bakin dangin miji. Idan ta ƙi, hujjar ta yi rauni, ɗan dakon kuma yana zaune a bayanta cikin ankwa yana sauraro. Ki tanadi babi guda cur domin wannan ranar.